Ibikshan a Gidan Hajiya Ɗelu

Illo ya dawo Madarumfa daga Ikko da jaka guda, da baƙin tabarau, da baki. Jakar ba komai cikinta sai wando biyu da rediyon da ba ya kama ko'ina, amma bakin, tubarkalla, da shi kaɗai sai ya cika kasuwa. Ya tarar ɗakinsa ya rushe tun damina, matarsa Hussaina kuma ta kwashe kwanukanta ta koma gidan iyayenta a Safo. Ya aika a ce ta dawo, ta aiko masa da amsa gajera: ran da ya sami ɗaki mai ƙyaure, ta zo. Kafin nan sai ya shimfiɗa tabarma a zauren gwaggonsa Hajiya Ɗelu, inda kullum safe awaki ke tsallake shi za su kiwo.

Abin da ya fi ƙona masa rai, a cikin gidan nan akwai ɗaki, zagayayye mai jinka, daidai mutum da matarsa. Sai dai da mai shi a ciki. Ɗan Baba ne, wani tsohon masunci, aminin marigayi mijin Hajiya. Shekarar da tabki ya cika ya cinye gidansa, marigayi ya ce ya zo ya zauna kafin ruwa ya janye. Ruwa ya janye, ya dawo, ya sake janyewa, marigayi ya koma ga Mahaliccinsa, Ɗan Baba yana nan daram. Hajiya kullum cikin mita take a bayan idonsa, wai ƙarnin kifi ya hana ta sakat, amma kullum ita ke aika masa tuwo, shi kuma ba ya dawowa daga tabki bai ajiye mata na miya ba.

Illo ya same ta tana tsince wake ya durƙusa.

"Gwaggo, ki ba ni izini in hisshe ki daga wanga ƙarni."

"Ni ban aike ka ba," in ji Hajiya, ba ta ko ɗago kai ba. "Aminin marigayi ne, da wane baki zan ce mai tashi? In ya tashi don kai nai, ɗaki naka ne. Amma kak ka kuskura ka gaya mai magana, kak kuma in ji sunana waje."

"Ai ba a magana, Gwaggo. Aikin ilimi ne."

Daga nan ya zarce teburin Isma'ila mai shayi, wurin da duk labarin unguwa ke karin kumallo. Ya gyara tabarau, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ku dai ba ku san duniya ba. Mutum ya zamne ma ɗaki, ku yi ta kunya har ku mutu. Can Ikko wanga abu suna gare shi. Ibikshan."

"Ibi mi?" in ji Isma'ila.

"Ibikshan. Turancin Ingilishi ne, ba irin wanda anka koya muku makarantar lakwal ba. Ma'ana tai, a hidda mutum daga ɗakin da ba nai ba, shi da tarkace nai, yana so ko ba shi so."

"To ai kora ce wannan."

"Kora ta kaji ce da awaki! Kora da baki ake yin ta, ibikshan da kai. Ka hidda kaya, ka cire ƙyaure, ka yaye ruhin ɗaki. Ba ka ce ma mutum uhm ba. Ɗakin ne da kai nai zai ce mai sai wata rana. Ni nan da kuke gani, bene hawa huɗu na kwashe ma mutane kahin azahar."

Gaskiyar magana, Illo ya san kalmar sosai, don sau biyu ana yi masa ita a Ikko, har na biyun ya farka ya ga sararin sama a inda ya bar kwano. Amma wannan ɓangaren bai shiga labarin ba. Isma'ila ya tambaye shi wane gida za a fara, Illo ya ce sirrin sana'a ne. Isma'ila ya kalli ƙofar Hajiya Ɗelu, ya ƙara wa Illo sukari, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Da safe Ɗan Baba ya saɓi gorarsa ya nufi tabki. Illo ya naɗe hannun riga ya faɗa ɗakin. Ya fitar da gadon kara, ya fitar da akwati, da taru, da tsoffin ƙore, yana jifa da su tsakar gida yana huci. Can ƙuryar ɗaki ya ga wata igiya a naɗe, ya fizgo ta da ƙarfin tsiya. Ashe mamari ne, doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Kafin ya ce wayyo, ta kama wando, ta kama riga, wata ƙugiya ta sami wurin zama ta lafe. Ya fito tsakar gida a karkace yana ja da igiya.

Maƙwabciyarsu Hajara ta leƙo ta kan danga.

"Sannu Illo, sannu ɗan albarka! Kuɗin cizo ne sunka dami tsoho?"

Illo ya buɗe baki, ya tuna sharaɗin gwaggonsa, ya rufe.

"Kusan haka ne," ya ce.

"Kai, mu ma mun ji kunya. Ga mu kusa, sai wanda ya zo daga Ikko ya tuna da shi."

Ta ƙwala wa mata kira. Kafin rana ta take, gidan ya cika. Wasu na shara, wasu na zuba wa gado tafasasshen ruwa, wasu sun kwaɓa ƙasa suna yaɓe bango suna toshe duk wata kafa ta ɓera. Hajara ce ta sa reza ta yanka wandon Illo ta raba shi da ƙugiyoyi, tana yi tana cewa ya daina motsi. Da la'asar aka mayar da kaya ciki, kowanne a wurin da ya fi dacewa da shi. Ɗan Baba ya dawo ya tsaya bakin ƙofa yana kallo, idonsa ya kawo ruwa. Ya zaro tarwaɗa mafi girma ya miƙa wa Illo.

"Allah shi ba ka mai yi maka, ɗana."

Illo ya karɓa da hannu biyu, don ba yadda zai yi. Ya ci kifin a tsaye, saboda zama bai yiwu ba.

"Yaya ibikshan?" in ji Isma'ila washegari.

"Share hili ne munka yi. Yau za ka ga aiki."

Ya jira tsoho ya fita, ya zo da guduma ya ɓalle ƙyauren ɗakin, wani tsohon langa-langa da tsatsa ta gama ci. Ya ɗora a ka zai kai bayan gari ya ɓoye. Bai yi nisa ba iskar tabki ta shiga ƙarƙashin ƙyauren, ta juya shi hagu, ta juya shi dama, ta tura shi da gudu har ta kifar da shi a gaban rumfar Kabiru mai walda.

Kabiru ya ɗaga ƙyaure ya ga mutum a ƙasa.

"A'a, Illo! Ai da ka aiko na zo na ɗauka. Na Baba ne ko? Wallahi na daɗe ina cewa in gyara mai shi."

"Ba gyara..."

"Na sani, ya wuce gyara. Sabo za mu yi. Kak ka ce komi, ai mun ci kihin tsoho mu ma."

Kafin magariba an kafa wa Ɗan Baba ƙyauren ƙarfe mai shuɗin fenti, da sakata ta ciki, da kwaɗo na waje. Ɗakin da tun da aka gina shi ba a taɓa kulle shi ba, yanzu tsoho in zai tafi tabki sai ya danna kwaɗo ya rataya makulli a wuya. Illo ya sami tarwaɗa ta biyu.

Hajiya ta kira shi bayan rumbu.

"Kai, hidda shi kake ko aure za ka yi mai?"

"Gwaggo, kwantar da hankalinki. Ana lallashin kaza kahin a kama ta. Saura jinka, kuma ba a taɓa yin ɗan Adam ɗin da ya zamna ɗaki ba jinka ba."

Illo ya shekara goma yana yawon bariki, ya manta wani abu game da garinsu. A Madarumfa ba namijin da zai ga ana taɓa jinka ya wuce. Aikin gayya ne, ko ba a gayyace ka ba ka tsaya ka sa hannu, in ba haka ba ran da taka ta tashi ka ɗauka kai kaɗai. Illo ya hau da lauje yana yanke igiyoyi, bai kai rabi ba sai ga masu dawowa daga lambu sun ajiye fartanya. Masu zaman teburin shayi suka taso, har da Malam Yusuf limamin unguwa, ya tattare babbar riga yana ba da umarni.

"Ku bari, ni kaɗai na isa!" Illo ya yi ihu daga sama.

"Ka ji ɗan halas," in ji liman. "Ba shi son wahal da mutane. Ku kama mai!"

Suka sa kafaɗa suka ɗaga jinka gaba ɗayanta, da Illo manne a ƙoƙuwarta. A cikin tsohuwar ciyawar kuwa rina ta yi gida tun zamanin marigayi. Masu ɗauka suna ƙasa, ciyawa ta kare su. Wanda ke sama shi ya karɓi baƙi. Aka yi ta tafiya da shi har ƙofar gida yana marin kansa yana kiran sunayen Allah, mutane na cewa ya riƙe da kyau, an kusa. Da aka dire, tabarau ya yi nasa wuri, fuska ta kumbura har ba a gane inda ido yake.

Wani ya ce yana da ciyawa da ya yanko bai yi amfani da ita ba, wani ya kawo igiya, Hajara ta dama fura a babbar ƙwarya. Dare bai yi nisa ba sabuwar jinka ta hau, mai kauri, an yi mata tukku har da ado. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna tambaya ko baƙo za a yi daga Maraɗi.

Isma'ila ya kawo wa Illo shayi har zaure, ya zauna yana kallon kumburin.

"Ni fa ina son wagga ibikshan. In ka gama da tsoho, ka zo ka yi man ita, ɗakina yoyo yake."

"Yi dariyarka," in ji Illo ta gefen baki. "Akwai ta ƙarshe. Ita ko a Ikko sai manya."

Wannan karon takaici ne ke tuƙa shi, ba ilimi ba. Ya tuna Hussaina, ya tuna awakin da ke taka shi kullum safe, ya ji in bai sami ɗakin nan ba ya gama zama abin dariya har abada. Ya shiga madafar Hajiya ya kwashe busasshen tonka, barkonon nan da ɗan kaɗan ke sa ƙato kuka, ya cika kasko da garwashi. Ya bari sai bayan azahar, lokacin da Ɗan Baba ke shiga ya sa sakata ya ɗan miƙe. Ya lallaɓa bayan ɗaki ya ajiye kasko, ya juye tonka duka, ya ɗauki faifai yana fifita wa bango.

To, ta ina hayaƙi zai shiga? Kafofin bango mata sun toshe. Ƙyauren Kabiru ko allura ba ta ratsa shi. Sabuwar jinka ta zauna ɗas. Hayaƙi ya zagaya ɗaki bai sami hanya ba, ya fara da mai faifai, sannan iskar tabki ta ɗauke shi ta raba wa unguwa.

Hajiya ce ta fara fitowa, kallabi a hannu, tana tari tana salati. Sai Hajara da tukunya a ka, don ta ɗauka gobara ce. Awaki suka tsinke igiya, kaji suka haye danga. Masu ƙailula suka yi waje ba riga, Kabiru ya yar da walda, liman ya fito da takalmi ɗaya yana atishawa ba ƙaƙƙautawa. Cikin ɗan lokaci ba gidan da ya rage da mutum a layin nan, kowa ya tattaru gindin bishiyar bedi a bakin hanya ana hawaye ana majina. Na ƙarshen isowa Illo ne, da rarrafe, har yanzu faifai na hannunsa.

Can sai aka ji ƙarar sakata. Ɗan Baba ya fito yana miƙa, ya shaƙi iska, ya bi hayaƙi zuwa bayan ɗaki. Mutumin da ya tsufa a bakin bandar kifi, wannan a wurinsa turare ne. Ya koma ciki ya ɗauko ragowar kamun safe, ya jera a kan kasko, sannan ya taho gindin bedi a hankali.

"Wa ya bar wuta mai kyau haka tana ci banza? Lahiya kuke kuka? Wa ya rasu?"

Isma'ila ya share ido ya ce, "Ba wanda ya rasu, Baba. Ibikshan ce anka yi muna. Kuma ta yi kyau, unguwa duk ta hita, kai ɗai ka rage."

"Mi ke nan?"

"Ga mai ita nan, shi hwaɗa ma."

Liman ya juya kan Illo, ya ce ya yi bayani tun mutane ba su yi masa da hannu ba. Illo ya duba hagu ya ga Kabiru ya naɗe hannun riga, ya duba dama ya ga Hajara ta sauke tukunya ta riƙe muciya. Dabara ta ƙare.

"Ma'ana tai... a hidda mutum daga ɗaki. Baba nike so shi tashi. Amma wallahi da sanin Gwaggo!"

"La'ilaha illallahu!" Hajiya ta dafe ƙirji. "Ni? Ni Ɗelu in kori aminin marigayi? Ɗan nan rina ta taɓa mai ƙwaƙwalwa!"

Ba wanda ya yi dariya.  Ɗan Baba ya cire makullin daga wuyansa, ya miƙa wa liman.

"Yaro bai yi laihi ba. Ni na daɗe. An ce in zamna kahin ruwa shi janye, ni ko na ji daɗin mutane na mance. Ku ba ni zuwa gobe in kwashe taruna."

Illo ya washe baki. Ga makulli, ga sabon ƙyaure, ga jinka, har ya fara lissafin inda Hussaina za ta jera kwanuka. Ya miƙa hannu wajen liman.

Hajiya ta buge hannun. Ita kanta ba ta san za ta yi ba. Sai da ta ga tsohon ya juya baya ta gane shekara da shekaru muryarsa ce farkon abin da take ji da safe, yana tambayar ta kwanan gajiya, kuma gidan ba shi zai yi mata faɗi.

"Ba inda za ka," ta ce. "Wa ya ce ka tahi? In ƙarni ne, mun saba."

Ɗan Baba ya juyo. Ya yi gyaran murya, ya dubi liman maimakon ya dube ta.

"To Malam, tunda an taru, akwai maganar da na daɗe ina riƙo. Kunyar marigayi ta hana ni, sannan mutum ba shi neman aure daga ɗakin da ke yoyo, ƙyaure nai na jan ƙasa. Amma yanzu da Illo ya tsaya man..."

Hajara ba ta jira ƙarshen zancen ba ta rangaɗa guɗa, tari ya katse ta, ta sake. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba ta da ta cewa, wanta yana garin Ɗan Issa, a je a same shi. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Liman ya mayar wa Ɗan Baba makullinsa.

Illo ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Kun gani? Da ma nan na nuho. Ango ya koma wajen amarya, ɗaki ya zama ba kowa. Ita ibikshan ta manya haka take, sai an kai ƙarshe ake gane ta."

"Wane irin ba kowa?" in ji liman. "Maigida ba shi da turaka? Ai ɗakin ya sami mai shi ke nan."

Ranar ɗaurin aure aka yi shinkafa da kifi, har mutanen Safo suka zo a amalanke, cikinsu da Hussaina. Ta yi aiki tun safe, ta gaida amarya, ta zagaya ta ga ɗakin da ake ta labari, ta shafa shuɗin ƙyauren, ta ɗaga kai ta kalli tukkun jinka. Sannan ta leƙa zaure ta ga tabarma da jaka da rediyo, da kashin awaki a gefe. Illo yana biye da ita yana bayani, wai an kusa, akwai wani shiri da ya fi na farko. Ita dai ta wuce ta hau amalanke ta gyara zama.

Ango ya fito rakiya cikin sabuwar riga, ya dafa kafaɗar Illo.

"Kak ki sa komi ga ranki, ɗiyata. Mijinki baƙona ne yanzu. Zauren ga nai ne, ko shekara goma zai yi ba mai ce mai tashi."

"Shi nike tsoro, Baba," in ji Hussaina, ta ce wa mai amalanke ya kaɗa jaki.